Raken Suwaiba

Rana ta yi ja za ta faɗi lokacin da Zailani ya kai kan dutsen, shi kaɗai, kyamara a wuya, wando duk ƙarangiya. Tun da ruwan madatsar Tiga ya shanye garinsu bara, ba wanda ya tsira da ko hoto ɗaya na wurin, ya tsiri bin duwatsun Doguwa yana ɗaukar su. Mutane na cewa yaron ya taɓu.

Ya saita, ya danna. Sai ya ji an ce, "Kai Malam, me ka harba?"

Wata 'yar Fulani ce zaune can ƙasa, ƙwaryar nono a gefe. Ta yi wuf ta ɓoye hannu a baya.

"Dutse na ɗauka," in ji shi. "Yaya sunanki?"

"Suwaiba. Kuma ba kai na gaya wa ba."

Daga ranar, duk duwatsun ƙasar nan ba wanda ya ƙara burge Zailani sai wannan. Tana kiransa Mai Hoto, yana kiranta 'Yar Dutse, su yi ta hira har ta ji kukan shanu ta tashi da gudu.

Da fim ya cika ya wanke. Hoton ranar farko ya fito da kyau, gajimare ya kwanta a kan dutse kamar an shanya auduga. Bawan Allah ya ƙara masa girma, ya rataye a ƙofar shagonsa na bakin kasuwa. Sama yake kallo, bai duba ƙasa ba. A can gefen hoton kuwa ga Suwaiba, kumatu cike, ta duƙufa tana shan rake.

A wurin mutanen gari wannan ba komai ba ne. A ruga kuwa, budurwa ta ci abu a gaban mutane abin kunya ne, balle a kafe ta a bango. Ran kasuwa Hamman, ɗan baffanta da ya daɗe yana son ta, ya gani. Ya tara samari, aka yi ta shewa, aka sa mata suna Mai Rake. Suwaiba ta daina kawo nono gari.

Kunya ta hana Zailani ko fita masallaci. Da ƙyar ya hau dutsen ya same ta, ta juya masa baya.

"'Yar Dutse, fushi kike?"

"Ba fushi ba ne. Ko a gaban Inna ba na iya ɗaga kai."

"Wallahi gajimare nake kallo."

"Shi ya fi yi min ciwo, Mai Hoto. Ina ciki, kai kaɗai ne ba ka gan ni ba."

Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Washegari ya ɗauki kawunsa suka nufi ruga. Tun daga nesa ya cire takalmi, ya durƙusa gaban mahaifinta, Jauro Uba, ya ajiye hoton da fim ɗin. Tsohon ya tura su cikin wutar shanu da sandarsa.

"Takarda ta ƙone," ya ce. "Idon mutane fa? Ba na ba da 'yata ga mai rataye 'ya'yan mutane a bango."

"Baffa, ni na jawo mata," in ji Zailani, kai a ƙasa. "In dariya za a yi, a yi mana tare. Ku ba ni ita."

Jauro ya dubi Hamman da ke tsaye nesa.

"Wannan kuskure ya yi, ya zo da kansa. Kai jininta ne, ka tara mata kasuwa da gangan."

Aka aika Inna ta tambayo yarinya. Ta dawo tana murmushi, ta ce Suwaiba ta rufe fuska, sharaɗi ɗaya kawai ta kafa.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Jauro ya dafa kan Zailani ya ce, "Allah ya rufa muku asiri, ya ba da zaman lafiya da zuri'a." Jama'a suka amsa da amin.

A duk ƙasar Doguwa shi kaɗai ne mai hoto, kuma ba bikin da bai ɗauka ba a shekarar. Nasa ne kawai aka yi aka watse ba hoto ko ɗaya, kamar yadda amarya ta ce.