Dakta a Kasuwar Bunkure

Mudassiru na shigowa gida ya tarar da Inna zaune a tabarma fuska a murtuke, yayarsa Baraka na gefenta.

"Zo nan! Ba ka ce min yarinyar da kake nema Dakta ce ba?"

"Dakta ce, Inna."

"Wace irin Dakta ce ke kwasar ruɓaɓɓen tumatir a kasuwar Bunkure? Baraka ta gan ta, ƙudaje na bin ta!"

Ummul-Khairi dai ba likita ba ce. Digiri na uku gare ta a kimiyya, tana bincike a wani kamfani a Kano, inda take kiwon ƙwayoyin halitta masu mayar da ruɓaɓɓen tumatir taki. Mudassiru ya sani sarai, amma ya bar Inna da zaton asibiti, don yana jin daɗin yadda take alfahari a gidan biki.

"Ƙila... ƙila ba ita Yaya ta gani ba."

Baraka ta zaro waya ta kira ta, ta buɗe sifika.

"Ni ce mana, Yaya," in ji Ummul-Khairi tana dariya. "Samfur nake ɗiba na kai ɗakin bincike. Mudassiru ma ya taɓa riƙe min bokiti."

"Ga shi nan, ya ce ba ke ba ce," in ji Baraka.

Dariyar Ummul-Khairi ta ɗauke.

"Haka ya ce? To... ba komai."

Mudassiru ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sati biyu bai iya kiranta ba, abinci ma sai ya tsakura ya ture. Ranar Juma'a ya durƙusa gaban Inna yana hawaye, ya faɗi komai.

"Kaico!" in ji Inna. "Ni ƙaryarka ce ta ƙona min rai. Da noman tumatir ubanka ya yi maka makaranta, shi ne yau kake jin kunyarsa? Baraka, ɗauko mayafi ki raka shi Kura, gidansu yarinyar!"

A zauren gidansu Ummul-Khairi, Mudassiru ya kasa ɗaga kai.

"Ban ji haushin Inna ba, ba ta sani ba," ta ce a hankali. "Kai ka sani."

"Na sani. Ki yafe min, don Allah."

Ta kalle shi ta ce, "Na yafe. Amma kada ka ƙara ɓoye ni."

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure. Haƙurinta ya ja mata daraja a gidan, shi kuwa ya koyi cewa sana'ar halal ba abin kunya ba ce, ƙarya ce abin kunya.