Cokalin da Ya Mai da Zogale Tsire

Cokalin ya yi ƙara ƙit, wani ɗan haske kore ya kama a mariƙinsa. Malam Tanimu ya ɗebo dafaffen zogale ya kai baki yana yatsine fuska. Ya tauna sau biyu, sai ya tsaya cak. Ya dubi kwanon, ya dubi 'yarsa Barira da ke tsugune a gabansa riƙe da allon awo.

"Wannan ai tsire ne," in ji shi. "Na ɗan rago ma, har da yajinsa."

"Zogale ne, Baba."

Ya sake ɗiba, dariya ta ƙwace masa har hularsa ta karkace.

Shekara arba'in ya yi yana gasa nama a bakin tashar jirgin maganaɗisu ta Katsina, kuma bai taɓa wuni bai ci abin da ya gasa ba. Da ciwon ƙoda ya kama shi, likita ta yi masa bayani dalla-dalla. Nama mai yawa yana ƙara wa jini tsami, ƙoda ce ke fitar da tsamin, kuma tasa ta gaji. Idan ya ci gaba, za ta ƙarasa lalacewa da wuri, sai wankin ƙoda sau uku a mako. Idan ya koma ganye da kayan lambu, gwargwadon da za ta auna masa, aikin zai yi mata sauƙi. Malam Tanimu ya ce ya ji. Kwana huɗu ya daure, a na biyar aka gan shi da balangu.

Barira injiniyar na'urorin lafiya ce. Da lallashi ya ƙi ci, sai ta ƙera cokalin da ta sa wa suna Ɗanɗanau. Mariƙinsa yana auna tsamin jini ta fatar yatsu ya aika wa likita. Bakin cokalin kuma yana sakin wata 'yar wutar lantarki da ba a jin ta, ta ruɗi harshe ya ji ɗanɗanon da mutum ya fi so.

Bayan wata takwas likita ta haska musu hoton ƙodar a bango. Tsamin ya sauka, lalacewar ta ragu sosai, bana babu zancen wanki. Malam Tanimu ya ƙi shiga motar sama, ya ce da ƙafa zai koma gida. Ya ratsa ta ƙarƙashin benayen gonaki yana gaisawa da wanda ya sani da wanda bai sani ba, Barira na biye da shi bakinta ya ƙi rufuwa. Cikin mako guda hukumar lafiya ta birnin ta nemi cokula dubu ɗari. Barira kuwa har ta zana wanda ya fi shi, ɗan ƙanƙani da za a dasa a haƙori, kowa ya huta da cokali har abada.

Ranar wata Juma'a da hantsi ta shigo gida ta tarar da shi ya tasa kofin koko a gaba, bai taɓa ba.

"Baba, lafiya?"

Mahaifiyarta, Inna Sahura, ta amsa daga bakin madafa. "In ba za ka faɗa mata ba, Malam, ni zan faɗa."

Ya sosa ƙeya. "Barira, koko ma tsire ne. Shayi tsire. Ko babu cokalin haka nake ji. Jiya na kuskure baki zan yi alwala, sai na ji kamar romo."

"Tun yaushe?"

"Ya kai wata uku. Na ga kina murna, shi ya sa ban faɗa ba."

"Ni har na daina wahalar daka kayan miya," in ji Inna. "Ko ruwan zafi na ba shi zai ce ya yi daɗi. Wa nake dafa wa?"

Barira ta auna harshensa ta gano cewa jijiyoyin sun saba da saƙon cokalin, suna maimaita shi da kansu. Dole a ajiye Ɗanɗanau. Tsoronta ɗaya, kada ya koma wa nama, wahalar wata takwas ta tashi a banza.

Kwana goma sha biyu ana jiran harshensa ya dawo daidai. A na sha uku Inna ta yi miyar taushe, kabewa ta nuna luguf, gishiri ɗan kaɗan kamar yadda likita ta ce. Malam Tanimu ya wanke hannu ya yanko lomar tuwo. Ya daɗe yana juya ta a baki, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Sahura, ashe kabewa zaƙi gare ta."

Inna ta juya baya tana dariya tana share ido da gefen zani. Suna cikin haka wani tsohon abokin sana'arsa ya yi sallama da ƙunshin tsire mai zafi, ya zo taya shi murnar samun sauƙi. Barira ta zuba wa mahaifinta ido. Malam Tanimu ya shaƙi ƙamshin, ya kawar da kai.

"Na gode, Ilu, amma kai wa yara. Na ci na sauran rayuwata."

Gidan ya kaure da dariya. Barira ta koma gefe ta buɗe allonta, inda takardar izinin dasa na'urar a haƙori ke jiran sa hannunta. Mahaifinta, da suke gida ɗaya, ya ɓoye mata wata uku. Mutum dubu ɗari da ba su san ta ba, wa za su faɗa wa? Ta rubuta wa hukumar cewa a dakatar da dashen, cokalin kuma kada kowa ya wuce wata biyu da shi. Tana cikin rubutun Baba ya miƙa wa Inna kwano.

"Akwai saura? Ki sa mini kabewar da yawa."

"Ludayi ɗaya likita ta ce," in ji Inna, ta zuba masa ɗaya cif.