Bugu Uku a Kan Murfi

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da ƙarfe shida da minti ashirin na yamma, dutsen farko ya faɗo tsakar gidan Baba Guduma. Matarsa tana kwashe shanya. Ta ɗauki dutsen, ta ji shi jiƙe, baƙi, yana warin kwata, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba ranar.

Baba Guduma shi ne shugaban leburorin da hukumar gari ta sa shimfiɗa sababbin bututun ƙazamin ruwa. Shekara talatin da ɗaya yana aikin. Sunan ya samo shi ne daga abin da ya koya wurin tsofaffin ma'aikata: kafin a toshe tsohuwar magudana, a buga murfinta sau uku, a bar rami kamar dunƙulen hannu na kwana ɗaya, don abin da ke zaune ciki ya fita. Ɓeraye, kwaɗi, da waɗanda ba a kiran sunansu. Da safiyar wannan Talatar ya ɗaga guduma zai buga, sai injiniya ya dubi agogo ya ce, "Baba, sallama za ka yi wa ɓeraye? Jibi manya za su zo buɗe aiki." Leburori suka kwashe da dariya. Tsohon ya ji kunya, ya ajiye gudumarsa, ya sa aka zuba kankare.

Bayan dutse na bakwai gidan ya yi tsit. Sai aka ji ƙwanƙwasa daga ƙarƙashin banɗaki, a hankali, sau uku. Auta, 'yarsu mai koyon ɗinki, ta fito riƙe da buta, ta sake ta. Ta nufi bango tana tonon siminti da farce har jini ya fito, tana jan numfashi kamar wadda aka rufe a akwati.

"Maigida, wannan ba 'yata ba ce," in ji uwar.

Washegari da la'asar aka kawo wani malami, dattijo mai ido ɗaya. Ya zauna kusa da kan Auta, ya yi ta karatu har inuwa ta rufe tsakar gida. Sannan bakin Auta ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Wace ce ke?" in ji malamin.

"Maƙwabciyarku. Tun kafin a yi titin nan nake ƙarƙashinsa. Ƙazantarku nake kwana a ciki, ban taɓa kawo ƙara ba." Idanun suka juya kan uban. "Kai mai guduma, kullum kana bugawa. Na fita nema, na dawo na tarar an shafe ƙofa. 'Ya'yana uku suna ciki. Me ya hana ka bugawa?"

"Dariya aka yi mini," in ji shi.

"Dariya," ta maimaita. "To, yadda suke numfashi, haka taka za ta yi."

Malamin ya ce, "Ki ji tsoron Allah, yarinya ba ta zuba kankare ba. Idan ya buɗe fa?"

"Kafin a saki ruwa a sabon bututu. Gwargwadon abin da ya fito da rai cikin 'ya'yana, shi zan mayar masa."

Ranar Alhamis da hantsi, an kafa rumfa, manya suna zaune, Baba Guduma ya ratsa kujeru da gudumarsa. Ya buga murfin sau uku, sannan ya fasa kankaren a gaban kowa. Kafin azahar an miƙa masa takardar kora.

Da magariba muryar ta dawo, a gajiye. "Biyu sun fito," ta ce. "Ƙaramin bai fito ba." Auta ta yi atishawa, ta ce, "Inna, ruwa."

Sabon bututun yana aiki lafiya ƙalau, wannan dole a faɗa. Wari ya bar unguwa, zazzaɓin yara ya ragu.

Waɗanda suka rage su ne: injiniya, da aka ƙara wa girma; uwar, da ba ta sake barin shanya ta kai yamma ba; Auta, da har yau ba ta iya kai magana ƙarshe sai ta tsaya ta nemi numfashi; da Baba Guduma, wanda ba shi da aiki, wanda ko ƙofar ɗakinsa ba ya buɗewa sai ya buga sau uku ya jira.