Ciwon Bayan Malam Isiyaku

"Sau uku ke nan ana ɗaga bikinmu, Zaituna."

Mikail ne tsaye a zauren gidan su Zaituna da ke unguwar Mandawari. Tun shekarar da soja suka koma bariki aka sa musu rana, ga shi har an shiga ta uku.

"To ya zan yi, abin ƙaunata? Baba ko buta ba ya iya ɗagawa. Tun rasuwar Inna ba shi da kowa sai ni..."

"Ai kin ji likita. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ne ya zame ya danne jijiya. 'Yar tsaga za a yi, ba ta kai ɗan yatsa ba, a leƙa da madubi a cire abin da ya turo."

"Ya ce ba mai taɓa masa baya da wuƙa."

"Ni kuma a gida an ba ni zuwa bayan Babbar Sallah, ko ke ko wata."

Ta koma ciki jiki a sanyaye. Malam Isiyaku na kwance a tabarma, ya ba ƙofa baya. Ta durƙusa tana shafa masa man zafi, sai hawayenta ya ɗiga a fatarsa.

"Na ji ku," ya ce. "Uwata, ba wuƙar nake tsoro ba."

"To mene ne, Baba?"

"In na miƙe, tafiya za ki yi. Ki bar ni da bangon gidan nan."

Hannunta ya tsaya cak. Shekara biyu tana ɗaukar sa tana ajiyewa, ko bikin ƙawa ba ta leƙa ba. Ta nemi fushi a ranta, tausayi ya hana.

"Da ka faɗa mini tuntuni..."

"Da wane baki? Kira mini Mikail."

Aka yi aikin lafiya. Kwana biyu, Malam ya taka da ƙafarsa.

Ranar da za a kai ta gidan Mikail, ya rako ta har bakin zaure a tsaye, ba sanda.

"Ki yafe mini shekarun nan. Allah ya yi miki albarka."

Ta fashe da kuka. Mata na jan ta zuwa mota, ta jiyo shi yana sa sakata daga ciki, a hankali.