Hannu a Gilashin Kifin Auta

Abincin kifi kawai na fita saya. Rana ta kusa faɗuwa, na rufe keken ɗinki, na zari mayafi.

Kifin na Auta ne, ƙaramar 'yata. Ja ne mai ƙaton ciki, yana cikin akwatin gilashi kusa da tagar falo. Ta sa masa suna Maigida, wai don ba ya tsinana komai sai ci da zagaye. Babanta ya yi ta mita a kan sunan nan, mu kuwa me za mu yi in ba dariya ba. Ranar da ciwo ya ci ƙarfinta a asibiti, ba ta bar mini wasiyyar komai ba sai kifin nan. Ta ce kar in bari ya mutu. Ni da ko kyanwa ban taɓa kiwo ba, na ce na ɗauka.

Na tarar mai shagon kifi ya rufe. Ina tsaye ina tsaki, sai wani tsoho da ke tsugune bakin kwata ya miƙo mini dunƙulen ciyawar ruwa, tana ɗiga. Ya ce in saka wa jan kifin nan, kewa ce ke damunsa. Ban tambaye shi inda ya san kifin ba. A lokacin duk wanda ya taɓo abin da ya shafi Auta, hankalina barina yake yi. Na karɓa har da godiya, na kawo gida na saka masa.

Ba a jima ba dodon koɗi suka bayyana. Ƙanana, baƙaƙe, kamar ƙwayar barkono. Yau in tsince su, gobe su ninka. Suka lulluɓe duwatsun ƙasa, suka toshe injin iska. Maigida ya daina cin abinci, ya koma lungu ya lafe. Raina ya ɓaci, na koma shago a fusace na ce a ba ni maganin da zai kashe su duka.

Mai shagon ya hana ni. Ya ce ƙwansu a jikin ciyawa yake zuwa, kuma in suka mutu lokaci guda ruwan zai ruɓe, kifin ya bi su. Ya ce in yanka kokwamba, in ɗaura mata zare, in jefa. In sun taru a kai sai in jawo. Da na yi masa zancen tsohon, ya dube ni, ya dubi bakin kwatar. Ya ce shi tun da ya buɗe shago bai taɓa ganin wani yana zama a wurin ba. Sai ya ƙara jaddada mini zaren.

Ni tela, gida cike da zare, amma ƙyuya ta hana ni ɗaurawa. Na jefa kokwambar haka nan.

Da magariba aka ɗauke wuta. Babanta bai dawo daga aiki ba. Injin iska ya tsaya, falon ya yi tsit, har ina jin numfashina. Sai wani wari ya taso, warin laka da ruɓaɓɓen ganye, irin na bakin kogi.

Ƙas. Ƙas.

Farce ne a jikin gilashi. Daga ciki.

Na haska fitilar waya. Ba dodon koɗi ko ɗaya a kan kokwambar. Duk sun hau gilashin gaba, sun jeru sun matse. Sai da na ja da baya na gane abin da suka zana. Tafin hannu ne, na hagu, ƙaramin yatsan a karkace. Ƙofar mota ce ta taɓa datse wa Auta wannan yatsa tana ƙarama.



"Umma," aka ce, can ƙasa-ƙasa. "Sanyi nake ji."

Wallahi na san ba ita ba ce. Ni na rufe mata ido da hannuna, na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Amma muryarta ce, har da 'yar shaƙewar nan ta mura. Na ce wa kaina kokwambar kawai zan ciro.

Na tsoma hannu.

Akwatin bai wuce kamu ɗaya ba a zurfi. Hannuna ya shige har gwiwa. Ya shige har kafaɗa. Ban taɓa ƙasa ba.

Aka riƙe ni a wuyan hannu. A hankali, da taushi, babban yatsa yana shafa mini jijiya. Na fashe da kuka.

Sai riƙon ya ƙara ƙarfi.

Haɓata ta taɓa ruwa. Warin laka ya cika mini hanci.

"Zo ki kwanta kusa da ni."

Yatsun da ke riƙe da hannuna sun fi biyar.

Na nemi tsarin Allah da ƙarfi, bakina rabi a ruwa. Na tokare ƙafa da teburin, na fizge da dukkan ƙarfina. Akwatin ya biyo ni, ya daki ƙasa, ya tarwatse.

Aka sake ni.

Na rarrafa cikin duhu a kan fasasshen gilashi, ina lalube, ina kiran kifi da sunansa kamar mahaukaciya. Na same shi ƙarƙashin kujera. Gilashi ya yanke shi a ciki. Na ruga da shi kicin na saka a kwanon ruwa. Ya buɗe baki, ya rufe, ya kife.

A nan babanta ya same ni, zaune a ƙasa da kwano a cinya. Shi ya share falon. Ya ce ya kwashe duwatsu da gilashi, amma bai ga dodon koɗi ko ɗaya ba, balle ciyawa. Ya ga shatin da ke wuyan hannuna, ya ɗaure mini ciwukan gwiwa.

Yanzu ba na iya tsoma hannu a ruwan da ba na ganin ƙasansa, ko bokitin wanki ne. 'Yan'uwa sun ce in gode wa Allah da na tsira, kuma na gode. Babanta ya ce zai sayo mini wani jan kifin, irinsa sak. Na ce ya bari. Abu ɗaya yarinyar nan ta roƙe ni a duniya, kuma ni da hannuna na fasa shi don in rayu.