Dokin da Ya Yi Tafiya Shi Kaɗai

Shekarar da kogin Isa ya janye har yara suna tsallaka shi da ƙafa, mutuwa ba baƙuwa ba ce a Yamai. Sai dai ta saba ɗaukar nata a bakin hanya da sansanin waɗanda fari ya koro. Ranar nan kuwa unguwar manya ta Plateau ta shiga, ta ɗauki mai takalmi.

Da hantsi aka kira Sufeto Zailani zuwa wani ɗan zaure da ke bayan tsohon kantin littattafai. Nan ne matattarar masu darar Turawa, wadda 'yan lakwal, wato 'yan boko, ke kira eshek. Mushe Oumarou, wato Malam Oumarou a bakin 'yan lakwal, tsohon malamin da ya shirya gasar birni, yana kwance kusa da tebur, ƙeyarsa a fashe.

A lungu ga buhunan gero biyu na kyautar gasa, ba wanda ya taɓa su. A shekarar da ake dambe kan tiya guda! Zailani ya san wannan ba aikin ɓarawo ba ne.

Komise, shugabansa a 'yan sanda, ya ja shi gefe, ya rage murya.

"Akwai hafsan soja cikin gasar nan, kuma na sama ba sa son sunansa a bakin mutane. Mun kama mai gadi. In rana ta faɗi ba ka kawo wani ba, bariki za su wuce da shi."

"Tsohon nan? Ai ko kaza ba zai iya kayarwa ba."

"Ni dai na faɗa maka, Zailani."

Kowa ya san yadda ake shiga bariki. Yadda ake fitowa ne ba mai iya faɗa.

Sufeto ya yaye ƙyallen da aka rufe allon dara da shi. 'Ya'yan suna tsaye tsaf, farare da baƙaƙe, kamar ba a yi kisa a gabansu ba. Ya ɗaga farin doki. A gindinsa akwai busasshen jini, amma gidan da yake tsaye a kai fes yake.

Wato allon ya kife, 'ya'yan sun zube cikin jini, wani ya tsince su ya sake jerawa.

Mai gadin, Baba Yelwa, yana tsugune a bayan mota da ankwa a hannu.

"Fofo, Shef," ya gaida Sufeto. "Wallahi ina bakin ƙofa tun jiya, ban gusa ba."

"Baba, wannan jan garin da ke aljihunka fa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Dawar taimako ce. Tun kafin asuba na tafi layi. Jikoki ne, Shef. In na ce na bar ƙofa, korata za a yi."

"Ka iya wannan dara?"

"Ni? Ta ƙasa na sani, ta tsinke da rami."

A bakin ƙofa wata budurwa tana tsaye, ta ƙi zama, ta ƙi tafiya. Zeinabou ce, 'yar mamacin. Idanunta sun yi ja, amma hawayen ya ƙi zuba, irin kukan da ke komawa ciki ya ƙona mai shi.

"Ƙanwata, ki yi haƙuri. Su wa suka rage a gasar?"

"Liyetna Amadou da Hasan. Jiya suka fara wasan ƙarshe, magariba ta tsayar da su."

"In an tsaya, yaya ake yi?"

"Wanda yake da wasa ba ya taɓa allo. Zai zaɓi abin da zai yi, ya ɓoye, don kada ɗayan ya kwana yana nazari a kai. A ƙasashen waje rubutawa ake yi a liƙe. Baba ya ce a zamanin nan rufaffiyar takarda tana iya kai mutum inda bai nufa ba. Sai ya ce a raɗa masa a kunne."

"Wa ya yi raɗar jiya?"

"Hasan." Muryarta ta yi laushi a kan sunan, har Zailani ya ɗaga ido. "Shi ke da farare."

Ya kai ta gaban allon. Ta duba sau ɗaya, ta ja da baya kamar ta ga maciji.

"Dokin nan ba nan yake ba."

"Kin tabbata?"

"Ni na rufe allon da hannuna. A gefen sarkinsa yake, a nan. Yanzu ga shi ya shiga tsakiyar baƙaƙe, inda ƙaramin soja zai cinye shi a banza. Wa zai kai doki nan?"

Zailani ya mayar da dokin inda ta nuna, ya ja ƙyalle ya rufe.

"Kada ki faɗa wa kowa. Ko wanda zuciyarki ta fi yarda da shi."

Liyetna Amadou bai ba shi kujera ba. Yana zaune a bironsa, wato ofishinsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, bindiga a kan tebur kusa da wani ƙaramin allo.

"Rabona da tsohon tun magariba."

"Mon liyetna, maƙwabta sun ga jif a ƙofar gidansa bayan isha'i."

Hafsan ya yi murmushi marar daɗi. "Gaisuwa na je. Na tuna masa wanda ya samo masa izinin tara mutane. Ka san taro ya wuce na suna sai da izini. Laifi ne?"

"Kyautar fa? Gero kake so?"

"Gero! Tikitin jirgi ne, malam, zuwa gasar ƙasashe. Wa ya dace ya riƙe tutar ƙasa, hafsa ko ɗan caca?"

"Za ka iya jera mini wasan jiya da ka?"

"Kana gwada ni ne?"

Girman kai ya fi fushi ƙarfi. Hannunsa ya yi ta zirga-zirga, nan da nan ya jera. Farin doki yana gefen sarkinsa, daidai inda Zeinabou ta ce.

A unguwar Goudel, bakin kogi, Sufeto ya sami Hasan, zaune kan wani kwalekwale da ruwa ya gudu ya bari a kan yashi. Dogon saurayi ne siriri, rigarsa wankakkiya amma wuyanta ya tsufa.

"Me kake yi na sana'a?"

"Dara."

"Dara ana cinta ne?"

"Ni ita nake ci, Shef. Shanunmu sun ƙare a Tawa tun farin farko. Wani Annasara da na yi wa aiki ya koya mini, kafin shekara ya daina cina. Da yamma ina zagaya barandar otel, in yi wasa da baƙi a sa kuɗi. Ina koya wa 'ya'yan manya. Wani lokaci a gidan biki a ɗaure mini ido, in kara da mutum uku, su yi dariya su ba ni na shinkafa." Ya tsinke wata busasshiyar ciyawa. "Yanzu Annasaran da ke zuwa na rabon dawa ne, ba su da lokacin wasa. A can waje kuwa mutum yana auren mace da dara, ya gina gida."

"Zeinabou ta san da wannan lissafi?"

Ya jefar da ciyawar. Kunya ta amsa a madadinsa.

"Ina kake da asuba?"

"Nan. Ban taka Plateau ba tun jiya."

"Me ka raɗa wa Mushe Oumarou?"

"Wannan tsakanina da shi ne. Ya tafi da shi."

Zailani ya miƙe. "To za a ƙarasa wasan da la'asar. Tikiti ba ya jiran makoki."

Ai kuwa sai idon saurayin ya yi haske. Wannan hasken ya fi komai tayar wa Sufeto da hankali, don an kashe mutumin da ya kusa zama surukinsa, shi kuma allo yake gani.

La'asar sakaliya zauren ya cika. Malamai, ma'aikata, ɗalibai, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. A waje motar soja ta riga ta iso, direban bai ma kashe inji ba. Ta taga ana hango Baba Yelwa yana jan carbi da hannu ɗaure.

Zailani ya yaye ƙyallen.

"Mai riƙe da sirri ya rasu. Hasan, sai ka yi wasanka da hannunka."

Hasan bai yi tunani ba. Yatsunsa suka ɗauki farin doki, suka dire shi a tsakiyar baƙaƙe.

Liyetna ya tuntsire da dariya. "Kyauta ka ba ni?" Ya miƙa hannu zai cinye, sai hannun ya tsaya a sama. Ya duba, ya sake dubawa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. In ya ci dokin, sarkinsa ya mutu. In ya bari, sarauniya ta tafi.

"Kai!" in ji wani malami daga baya. "Wannan ko aljani bai gan shi ba."

Wani ɗan ƙaramin sauti ya fito daga bakin ƙofa. Zeinabou ce, ta toshe bakinta da mayafi, idanunta a kan dokin.

Sufeto ya dafa kafaɗar Hasan.

"Da safe a wannan gidan na tarar da dokin nan, da jini a gindinsa. Wanda ya kifar da allo ya sake jera shi da ka. Mutum biyu ne za su iya. Liyetna ya jera mini, dokinsa bai gusa ba, kuma kowa ya ga yanzu bai san da wannan wasa ba. Mutum ɗaya ne ya kwana dokin yana nan a cikin kansa, har ya manta bai riga ya kai shi ba."

A waje injin motar soja yana ta ƙara.

Hasan ya daɗe yana kallon allon. Da ya buɗe baki, ba da Sufeto yake magana ba.

"Bayan sallar asuba ya ce in same shi a nan. Ya ce, ‘Ɗana, kunnena ya tsufa. In an dawo wasa zan ce sarki ka ce za ka matsar.’ Na ce Baba, doki na ce, kai ma ka san doki na ce. Ya ce in hafsa ya faɗi, an rufe zauren nan har abada, wataƙila a haɗa da shi. Yana kuka yana faɗa. Ya ce in yi haƙuri sai baɗi." Muryarsa ta karye. "Baɗi! Wa ya ga baɗi a wannan ƙasa? Na riƙe rigarsa, ya fizge, na ture shi. Ya faɗi, ya tafi da tebur."

Liyetna ya ɗauki hularsa a hankali, ya fita ba tare da ya dubi kowa ba. Ba wanda ya tare shi. Zailani ya bi shi da ido kawai, don akwai hannun da ankwarsa ba ta kaiwa.

Zeinabou ta tako har gaban tebur.

"Hasan." A hankali ta kira shi, yadda ta saba. "Da ya faɗi, yana numfashi?"

Ya kawar da kai.

"Ka dube ni. Babana yana numfashi?"

"Ban duba ba," ya ce. "Ina tsince 'ya'yan."

Sai a lokacin hawayen ya zubo mata.

Zailani ya fita da kansa ya kwance Baba Yelwa. Tsohon ya yi ta shafa wuyan hannunsa yana "Alhamdu lillahi," ya ƙi yarda ya tafi sai da aka ba shi ƙullin dawarsa. Ankwar ba ta huce ba aka maƙala wa Hasan.

Rana tana gab da faɗawa bayan busasshen kogi lokacin da suka fito da shi. A bakin ƙofa ya tsaya, ya waiwaya. Zeinabou ta ɗaga kai, tana tsammanin ita zai duba.

Allon yake kallo.

"Shef," ya ce, "ka shaida dai. Na ci wasan."