Gyaran Mai Cajin Waya

Ana gobe kasuwar Yankara, Mas'udu mai shirya fim ya faɗo ofishin 'yan sandan Faskari, ko sallama bai yi ba. Ya ajiye wa Sufeto Hussaina wayar wani ɗan acaba. A ciki akwai bidiyo: ga Suwaibatu, wata manomiya daga Ruwan Godiya, fuskarta tarwai, tana bayanin masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Da ma Mas'udu ya yi wa Suwaibatu rantsuwa zai rufe fuskar kafin fim ya fita. In bidiyon nan ya shiga kasuwa gobe, ranta na cikin haɗari.

Ran Hussaina ya ɓaci, amma ba ta tsaya faɗa ba. Ɗan acaban ya ce a gun caji ya tsinci abin, bai san wa ya zuba ba. Aka kira Badamasi mai tace hoto, ya buɗe kwamfutarsa: nasa duk an riga an dusashe fuskar. Ta sallame shi.

"Saura kai," ta ce wa Mas'udu. "Ina asalin yake?"

"A katin wayata, ranki ya daɗe. Kuma da yatsana take buɗewa."

Ta juya wayar, ta ga guntun salatif mai lamba manne a bayanta, irin na masu caji.

"Wa ka ba caji?"

"Almu, bakin tasha. Amma ai a kulle take!"

Wayar ce a kulle, katin kuwa ko akuya ta iya zare shi. Hussaina ta bi katin fayil bayan fayil, sai ga waƙoƙin biki sababbi fil. Mas'udu ya rantse bai taɓa jin su ba. Ta duba wayar ɗan acaban, su ne dai.

Suka sami Almu cikin rumfarsa, janareto na ƙugi, wayoyi jere kamar tumatir a faifai.

"Malam Almu, kana taɓa katin mutane?"

"Ni? Mi zan yi da shi? Caji kawai nike yi, Hajiya."

"To wa ya zuba wa Mas'udu waƙoƙin nan?"

Ya share gumi.

Hussaina ta warware masa. Almu yakan zare katin duk wayar da aka kawo, ya kwashe fina-finan ciki don ya tura wa wasu. Amma shi ɗan kasuwa ne gaba da baya, hannunsa bai iya ɗauka bai ƙara gyara ba. Sai ya zuba wa mai katin waƙoƙi, a ganinsa an yi musaya ke nan, ba sata ba.

"Wallahi ban ma kalla ba," in ji Almu. "Na ga sunan fim ne, na gwada a waya guda. Sai gobe zan fara turawa."

Ta sa aka naɗe kwamfutarsa, aka tafi da shi.

Da la'asar ta isa Ruwan Godiya da kanta. Suwaibatu na sussukar dawa, ta saurari komai ba ta ajiye taɓarya ba.

"Inna, in kina so, a cire ki daga fim ɗin."

"Shi yaron mai cajin ya san ni?"

"Ko kallo bai yi ba."

Suwaibatu ta ɗaga taɓarya. "To ku rufe fuskar da kyau, ɗiyata. Maganar kuwa ku bar ta, don mijina na faɗe ta."

Mijin da 'yan bindiga suka kashe a gona bara. Hussaina ta koma mota, ta karɓi katin a hannun Mas'udu, ta sa a aljihunta.